Dajin da ke ƙarƙashin gona: yadda maida hankali da sa rai suka maido itatuwa a kudancin Nijar

Matafiyin da ya tashi daga Maraɗi da rani, ya kama hanyar Damagaram ta Agye da Tasawa, zai ga gonaki dama da hagu cike da itatuwa: gawo da koren ganyensa, kalgo, sabara, aduwa, in ya zarce zuwa Mirya kuma ya iske kukoki. Yaron da aka haifa bayan shekara ta 2000 zai ɗauka haka ƙasar take tun fil'azal. Dattawa sun san ba haka ba ne. A farkon shekarun 1980 mutum yakan tsaya tsakiyar waɗannan gonaki ya hangi garin da ke gaba, babu abin da ya tare masa ido. Iska kuwa in ta taso da farkon damana sai ta binne shuka da rairayi, manomi ya sake shuka sau 2 ko sau 3 kafin hatsi ya tsaya.

Abin da ya faru tsakanin wancan lokaci da yau yana cikin manyan labaran ƙasar Nijar, ko da yake an daɗe ba a lura da shi ba, har a Yamai. Masu bincike sun ƙiyasta cewa manoman jahohin Maraɗi da Damagaram da wani sashe na Tawa sun raya itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Mafi yawan itatuwan nan ba wanda ya dasa su, ba wanda ya yi musu ban ruwa. Dama suna nan cikin ƙasa. Abu biyu ya fito da su: mutane sun maida hankalinsu ga abin da ke gabansu, kuma sun samu dalilin sa rai cewa wahalarsu ba za ta tafi a banza ba.

Yadda gonaki suka koma fili

Tun zamanin mulkin mallaka malaman gona suka yi ta koya wa manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share ƙal, aka tumɓuke kututture, domin garmar shanu ta wuce, gyaɗa kuma ta samu sarari. Gyaɗa ce kuɗin ƙasar a wancan lokaci, da ita kasuwancin Maraɗi ya bunƙasa. Jama'a na ƙaruwa, ana sare daji ana buɗe sabbin gonaki, hutun da ake bai wa ƙasa yana raguwa. Sai ga farin 1973 da 1974, wanda ya halaka dabbobi da itatuwa masu ɗimbin yawa. Mata suka koma tafiyar awoyi neman iccen girki, in sun rasa su ƙona kara da kashin shanu, wato abin da ya kamata a bar wa gona ta ci.

Duk da haka, kowace shekara ƴan tsire-tsire sukan ɓullo a gonaki, sabara nan, kalgo can, geza a gefe. Kafin ruwan farko manomi ya ɗauki adda da gatari ya yi sassabe, ya sare su duka, ya tara ya cinna wuta. Wanda ya bar su a gonarsa, rago ake ce masa.

Magabata ba su zauna ba. Tun daga 1975 aka haɗa bikin samun ƴancin kai na ranar 3 ga watan Agusta da bikin dashen itatuwa. A watan Mayu na 1984 gwamnatin Seyni Kunce ta kira babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da gurgusowar hamada. Furoje iri-iri sun shigo da kuɗi masu yawa, aka buɗe wuraren renon ƴan itatuwa, aka kewaye filaye da waya, aka dasa dogon yaro da turare. A wasu wurare aikin ya kama, kamar layukan itatuwan tare iska da aka fara a kwarin Majiya a 1975. Amma a galibin gonakin tudu ƴan itatuwan ba su ga damana ta biyu ba: rana ta ƙone wasu, awaki da gara suka cinye saura.

Ranar da aka dubi sabara da kyau

Cikin masu wannan aiki akwai wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya zo Maraɗi a 1981 ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM. Shekara 2 ya yi yana kai ƴan itatuwa ƙauyuka, yana kallon 8 ko 9 cikin 10 suna mutuwa. Kamar yadda shi kansa ya sha ba da labari, wata rana a 1983 yana kan hanya da lodin ƴan itatuwa, sai ya tsaya rage iskar tayoyin motarsa don ta iya ratsa rairayi. A lokacin ya kusa fidda rai ga aikin baki ɗaya. Idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro irin waɗanda ya wuce sau ɗaruruwa yana ɗaukarsu ciyawar daji. Ya taka ya je ya duba ganyen. Sai ya gane babban icce ne da aka sare tun da daɗewa, kututturensa da saiwarsa na raye, yana ta ƙoƙarin tashi ana hana shi.

Daga nan lissafi ya sake. Ɗan iccen da aka ɗauko daga wurin reno sai ya fara neman ruwa da ƴar saiwarsa. Tohon kututture kuwa yana tsaye ne a kan tsohuwar saiwa mai zurfi, wadda ta riga ta kai ga laima kuma ta tara abinci, don haka yakan yi saurin girma fiye da dashe nesa ba kusa ba. Irin waɗannan kututture sun kai miliyoyi a gonakin jahar. Rinaudo ya kira su dajin ƙarƙashin ƙasa.

Tambayar da ta dace a yi ita ce: ta yaya injiniyoyi da masana da manyan furoje suka shekara suna taka wannan daji ba su gan shi ba? Masana halayyar ɗan Adam suna da bayani. A 1999 wasu malamai 2 na jami'ar Harvard a Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris, suka nuna wa mutane wani ɗan gajeren fim na matasa masu jefa wa juna ƙwallo, wasu da fararen riguna, wasu da baƙaƙe. Aka ce wa masu kallo su ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa ƙwallo. Ana cikin haka wani mutum sanye da kayan goggon biri ya ratsa tsakiyar ƴan wasan. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba sam. Abin da aka ɗora wa hankali shi ido ke bi. Furoje an ɗora musu ƙirga itatuwan da aka dasa, rahotonsu da kuɗinsu duk a kan wannan adadi suke, don haka iccen da ya fito da kansa ba ya cikin lissafi.

Ashe maida hankali kaifi biyu gare shi. Yana sa mutum ya ƙware a abin da ya sa gaba, yana kuma iya makantar da shi in ya kafa ido inda bai dace ba. Kafin a dage kan aiki, akwai bukatar a tsaya a sake duban filin, kamar yadda aka yi a bakin hanya a 1983.

Sassabin zamani

Dabarar da ta biyo baya, wadda manoma suka laƙaba wa suna sassabin zamani, ba ta bukatar komai sai adda mai kaifi. Manomi ya zaga gonarsa ya zaɓi kututturen da yake so ya raya. A kan kowanne, cikin tohon da ka iya kai 20 ko 30, ya bar kamar 3 zuwa 5 mafiya ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran, ya rage rassan ƙasa. Abincin da saiwa ke rabawa ga toho masu yawa sai ya koma ga ƴan kaɗan, su miƙe su zama icce. Wasu sukan ɗaura tsumma a jiki don mai wucewa ya san wannan da mai shi. Bayan ƴan watanni a komo a sake gyarawa, abin da aka sare kuma ya zama iccen girki.

Aikin ba nauyi gare shi ba, amma ba ya son mantuwa. Wanda ya gyara sau ɗaya ya tafi, zai tarar tohon ya sake cunkushewa ko akuya ta karya shi. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma wanda ya ce zai raya duk tohon da ya gani a rana ɗaya, ba zai samu icce ko ɗaya ba.

Abincin aiki bai wadatar ba

Sanin dabara bai sa mutane sun karɓe ta nan take ba. A 1983 manoma kamar 10 kawai suka yarda su gwada a wani yanki na gonakinsu. Maƙwabta suka yi musu dariya, wasu suka bi dare suka sare itatuwan. Sai ga farin 1984 da yunwar da mutanen karkara ke kira El Buhari, saboda ta zo daidai da lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakar Najeriya. Aka shigo da tsarin ba da cimaka a madadin aiki a garuruwa kusan 100 na jahar Maraɗi, aka sa barin itatuwa a gona cikin sharuɗɗa. A ɗan lokaci itatuwa kimanin dubu 500 suka tashi. Da rabon cimaka ya ƙare, sai aka sare kusan kashi 2 cikin 3.

Mai kallo daga nesa zai ce manoma ba su da hangen nesa. Gaskiyar magana, lissafinsu daidai yake da halin da suke ciki. Tun dokar Faransa ta ranar 4 ga watan Yuli 1935, wadda dokar gandun daji ta 1974 ta gaji ruhinta, itatuwa irin su gawo suna ƙarƙashin kariyar hukuma. Manomi ba ya da ikon sare su ko rage musu reshe, ko a gonar gadonsa, sai da takardar izini, in ba haka ba ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. Icce a gona ya zama abin jawo fitina. Mai wayo shi ne wanda ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, kafin a gan shi. Ba wanda zai shekara 5 yana renon abin da ya san ba zai ci amfaninsa ba.

Abubuwa 2 suka karya wannan hali. Na farko, masu aikin sun samu fahimtar juna da ma'aikatan gandun daji na jahar, aka sassauta cin tara a garuruwan da ake gwajin, manomi ya fara jin cewa iccen da ya rena nasa ne. Daga ƙarshen shekarun 1980 kuma, da talaucin baitulmali da guguwar siyasar da ta kai ga taron ƙasa na 1991, hannun hukuma ya yi sauƙi a karkara baki ɗaya. Na biyu, waɗanda ba su sare nasu ba suka fara cin riba a idon kowa. Hatsinsu bai ragu ba kamar yadda aka tsorata. Iska ta daina binne musu shuka. Matansu suka huta da tafiyar neman icce, har suna sayar da ragowa. Gani ya kori ji: maƙwabci ya kwaikwayi maƙwabci, masu zuwa cin kasuwa da ƴan ci-rani suka kai labari gaba.

Sa rai da mafarkin ido biyu

Nan ma binciken masana ya yi daidai da abin da aka gani a gonaki. A 1977 Albert Bandura na jami'ar Stanford ya nuna cewa mutum yakan fara aiki, ya jure wahalarsa, gwargwadon yadda ya yarda zai iya. Babban abin da ke gina wannan yarda shi ne nasarar da mutum ya taɓa samu da hannunsa, sai kuma ganin wani irinsa ya yi nasara. Jawabi da lallashi suna can baya. Manomin da ya ga sabarar maƙwabcinsa ta zama icce cikin shekara 3 ya samu hujjar da taro 10 ba zai ba shi ba.

Wata masaniya Bajamusa, Gabriele Oettingen, ta bambance sa rai da mafarki. A wani bincike da ita da Doris Mayer suka buga a 2002, sun bi sawun ɗaliban da ke gab da kammala jami'a har tsawon shekara 2. Waɗanda suka sa ran samun aiki bisa la'akari da abin da suka taɓa cimma, sun fi samun tayin aiki da albashi mai kyau. Waɗanda kuwa suka fi zama suna zana wa kansu daɗin da za su ji in sun samu, takardun neman aikin da suka aika sun fi kaɗan, abin da suka samu ma haka. Mafarki yakan ɗanɗana wa mutum daɗin nasara tun bai tashi ba, sai jikinsa ya mutu. Sa rai mai tushe shi ke tayar da mutum da asuba, domin ya san abin da yake nema, ya kuma san abin da zai iya tare masa hanya.

Manoman da suka yi nasara ba su rufe ido ga cikas ba. Babban cikas shi ne ɓarayin icce da ɓarnar dabbobi. A garin Ɗan Saga na gundumar Agye da garuruwan kewaye, jama'a suka kafa kwamitocin sa ido, da maza da mata, da manoma da makiyaya, suka tsara wa kansu ƙa'idoji da tarar wanda ya sari iccen wani. Da aka san ɓarawo ba zai sha ba, sai masu jan ƙafa suka shigo.

Abin da hotunan sama suka nuna

Ba daidai ba ne a jingina wannan aiki ga mutum ɗaya ko furoje ɗaya. A ƙasar Damagaram girmama gawo tsohon abu ne. Har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimu ya tanadar wa mai sare shi a ƙarni na 19. Manoma sun san dalili: gawo na zubar da ganye da damana, don haka ba ya hana hatsi rana, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne da rani. A 2006 wani bincike da masanin gandun daji Mahamane Larwanou ya yi da abokan aikinsa ya nuna cewa a gundumomin Magarya, Matamai da Mirya kaɗai manoma sun raya itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 1, mafi yawa bisa ƙashin kansu.

Girman abin bai bayyana ba sai a tsakiyar shekarun 2000, lokacin da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, tare da Chris Reij ɗan ƙasar Holan da masanan Nijar, suka kwatanta hotunan da aka ɗauka daga jirgi a 1975 da sabbin hotunan tauraron ɗan Adam. Garuruwa irin su Galma ta jahar Tawa, da suke tsirara a tsohon hoto, sun fito da ɗigo-ɗigon itatuwa ko'ina. A wani rahoto na 2009 aka ƙiyasta ƙarin hatsin da ake samu albarkacin itatuwan ya kai tan dubu 500 a shekara, abin da zai ciyar da mutum miliyan 2 da rabi. Waɗannan alƙaluma ƙiyasi ne, kuma ruwan sama da ya ɗan farfaɗo daga shekarun 1990 ya taimaka. Sai dai itatuwan sun fi yawa ne a cikin gonaki, a yankunan da jama'a suka fi cunkoso, abin da ke nuna hannun mutum ne ya yi aikin. A yunwar 2005 iyalai da dama a waɗannan garuruwa da kuɗin icce da ganye suka sayi tiyar hatsi, ba su kai ga sayar da gona ko dabbobi ba.

A 2018 aka bai wa Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da ƙasar da ta mutu da dabarar ramukan zai, wanda ya rasu a watan Disamba na 2023. Manoman Nijar da suka yi aikin kuwa ba a san adadinsu ba balle sunayensu.

Sauran aiki

Doka ta biyo sawun manoma sannu a hankali. An samu ƙa'idojin dokar karkara a 1993, sabuwar dokar gandun daji a 2004, sannan a ranar 30 ga watan Yuli 2020 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya amince cewa manomin da ya reni icce a gonarsa yana da haƙƙin cin amfaninsa, bisa sharuɗɗan da aka gindaya. Amma matsin bai ragu ba. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar, ta 2012 ta samu fiye da miliyan 17. Gonaki na ƙara tsagewa wurin rabon gado, birane na ƙara cin icce da gawayi, tsofaffin gawo na bukatar ƙananan da za su gaje su.

A nan ne maganar ta shafi ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati kai tsaye. Iccen girki, azara, ganyen kukar Mirya, ƴaƴan gawon da ake kiwata ragunan layya da su, duk haja ce da ke fitowa daga waɗannan gonaki. Ɗan kasuwar da ya saya ga mai gona da farashin kirki ya ƙara masa dalilin barin toho a sassaben bana. Wanda ya sayi lodin da aka sara da dare ya koya wa gari guda cewa reno asara ne. Haka ma'aikaci: takardar izinin da aka jinkirta, ko tarar da aka ci ba bisa ƙa'ida ba, labarinta na isa garuruwa 10 kafin ranar kasuwa ta zagayo, kuma tarihin 1985 ya nuna abin da manomi ke yi in ya fidda rai.

Ƙudurin 2020 ba zai yi amfani ba sai manomin Tasawa da na Magarya sun ji shi da harshensu, a rediyon karkara, a bakin mai gari da hakimi, sun kuma ga ma'aikacin gandun daji yana aiki da shi. Kowace shekara, a watannin Afrilu da Mayu, manomi kan tsaya da adda a gaban kututturen sabara ya yanke shawara ko ya share ko ya bar toho 3. Amsar da zai bai wa kansa ta dogara ga abin da ya gani ya samu maƙwabcinsa bara.